Yadda ake tafiyar da makon Babbar Sallah da yaro ɗan shekara biyu a Jos

A duk shekara babu makon da gida ke cika da mutane kamar na Babbar Sallah, kuma babu makon da ƙaramin yaro ke rasa mai kula da shi kamarsa. Maigida yana wajen rago, uwa tana bakin kasko, 'yan mata suna kai-kawo da kwanonin abincin maƙwabta, kaka tana amsa gaisuwa, kowa kuma ya sakankance cewa yaron yana hannun wani. Shi kuwa ɗan shekara biyu ya iya gudu, ya iya tura ƙofa, ya iya jan kujera ya hau, amma har yanzu wuƙa da cokali duk ɗaya ne a wurinsa. Don haka shirin nan a kan abu biyu ya tsaya. A kowane lokaci a san sunan wanda yaron ke hannunsa. Sannan yawo da aikin gida su riƙa kauce wa lokacin barcinsa. In an riƙe waɗannan, sauran duk masu sauƙi ne.

Da an ga watan Zulhajji

Ranar da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da tsayuwar wata, kin san 10 ga wata Sallah. A daren nan ko washegari ku zauna ke da maigida da takarda da biro, ku rubuta gidajen da dole ne a taka: gidan iyayensa, gidan iyayenki, babbar yayarsa, kawun da in ba a je ba sai an ji a dangi. Sai ku ware su bisa unguwa. Gangare da Dilimi da Ali Kazaure rana ɗaya za ta ɗauke su. Unguwar Rogo da Unguwar Rimi da Bauchi Road su ma haka. Bukuru kuwa a ba ta ranarta ita kaɗai, kada a ce za a ɗan biya a hanyar dawowa. Fita ɗaya a rana ita ce ƙa'ida, ko ta safe ko ta la'asar. Gwamnatin tarayya bisa al'ada hutun kwana biyu take bayarwa, saboda haka gidajen da sai da maigida ake shiga a sa su cikin waɗannan kwanakin da ƙarshen mako, sauran ki je a hankali ke da yara.

Bayan haka ki ja layi a kan lokacin barcin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar barcin awa 11 zuwa 14 a yini da dare, ɗan shekara 3 zuwa 4 kuma awa 10 zuwa 13. Yawancinsu sau ɗaya suke kwanciya da rana, wajejen azahar. Kukan nan na magariba da ake cewa yaro ya cika rigima, ko an yi masa baki a gidan mutane, sau da yawa bashin barcin azahar ne yake biya.

Batun ɗinki kuma, ki karɓo shi da wuri, domin “in sha Allahu gobe” ta tela a makon Sallah kowa ya san tsawonta. Ki gwada masa kayan a gida. Shadda mai sitaci da aiki a wuya tana da kyau a hoto, amma tana kartar fata, sai ki tanadi singileti mai laushi a ciki. Kada ki manta Jos tana kan tudu da ya haura mita 1,200, kuma Sallar Layya ta faɗo cikin damina a shekarun nan: 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025, tana ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara. Safiya da sanyi, rana ta ɗan buɗe, la'asar hadari ya haɗo, wani lokacin har da ƙanƙara. Rigar sanyi da safa da hula mai rufe kunne suna cikin kayan Sallah a garin nan. Sabon takalmi a fara sa masa kwana biyu ko uku kafin ranar, a cikin gida, don a gane inda yake cizo. Kala biyu na ɗinki sun wadatar wa yaron da kafin azumi mai zuwa ya fi ƙarfinsu. Sallah dai bikin ɗaya rana ce, ta wuce ta bar wawa da bashi.

Kasuwa da kemis

Cefanen Sallah ba da yaro ake yinsa ba. Taminus da Katako a makon nan babba ma sai ya riƙe jakarsa da hannu biyu. Ki bar shi a gida, ki fita da sassafe, kayan miya da dankalin Turawa da karas da kabeji ki sayo su a Farin Gada tun saura kwana uku ko huɗu, kafin farashi ya gama tashi. Dankalin nan ki saya da ɗan yawa, shi ne zai rufa miki asiri ranar da yaro ya ƙi komai.

A hanyar dawowa ki tsaya kemis. Ƙunshin gishiri da sukari na ORS kamar guda huɗu, ƙwayar zinc ta yara, farasitamol na ruwa da cokalinsa na awo, ma'aunin zafin jiki, filasta da bandeji mai tsabta. Ki tambayi mai kemis adadin farasitamol da ya dace da nauyin yaron, ki rubuta a jikin kwalin. Ranar Sallah shaguna da yawa a rufe suke, kuma dare ake fi neman waɗannan abubuwa.

Rago ya iso

Daga ranar da aka sauke rago a ƙofar gida yaro ya samu aboki, kuma abokin yana da ƙaho. A ɗaure ragon da gajeriyar igiya a lungun da za a iya tarewa da benci ko buhuna. Kan yaro ɗan shekara biyu daidai yake da goshin rago, tunkuyi ɗaya ya isa. In zai ba shi harawa ko dusa, a hannun babba zai yi, a wanke masa hannu da sabulu bayan nan. Kashin ragon a riƙa sharewa safe da yamma, don yaran wannan shekarun duk abin da ya yi ƙanƙani kuma ya mulmulu, baki suke kai shi. Bokitin ruwan ragon ma a ɗauke in ya gama sha.

Jajibiri

Ranar Arafa manya da yawa suna azumi, ga aiki, ga gajeriyar zuciya. Shi ya sa kitso da lalle na 'ya mace a gama su tun kafin ranar. Kitson ya zama manya-manya, guda shida ko takwas, marar ja; wanda aka ɗaure tamau har gaban goshi ya yi ƙuraje, kwana uku za ta yi ba ta barci sosai. Duwatsun ado da ake zura wa a bakin kitso a haƙura da su sai ta girma, tana cire su ta tura a hanci. Lalle a tsaya a kan jan nan na gargajiya, ɗan kaɗan a tafin hannu. Baƙin da ake haɗawa da rinin gashi yana ƙona fatar yara, wani zanen ya tashi ya yi ruwa ya bar tabo. Kwalli kuma an sha samun gubar dalma a cikin na kasuwa, kuma bayan gubar dalmar da ta kashe yara da yawa a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba sai an yi wa kowa dogon bayani kan abin da dalma ke yi wa yara ba. Idonta ya isa haka nan.

Da yamma ki zagaya gidan a sunkuye, ki duba abin da ke daidai tsayinsa. Wuƙaƙe da adda da aka kai washi suna ina? A sa su a saman kabad tun yau. Kalanzir ko fetur da aka zuba a gorar lemo don hura wuta, a ɗauke shi sama, ko ma a sake masa mazubi, domin yaro gorar ya sani. Maganin ɓera, maganin hawan jinin Hajiya da ke gefen katifa, ashana, reza. Bahon da ake tarar ruwan sama da shi, da bokitai, da rijiya: a rufe ko a kife. Yaro mai wannan shekarun kansa ya fi jikinsa nauyi, in ya leƙa bokiti ya faɗa da ka ba ya iya fitowa, kuma ba a jin motsinsa. Janareta a waje, nesa da taga. Kaskon gawayi kada ya kwana a ɗaki don an ce ana sanyi; hayaƙin da ke kisa ba shi da wari.

Kafin ki kwanta ki haɗa jakar fita, wadda za ta yi miki mako: famfas, kaya canji biyu, rigar sanyi, zanen goyo da majanyi, kofinsa, ruwansa, ledar zuba ƙazantattun kaya, ɗan sabulu, da abin wasan da ya saba kwana da shi.

Safiyar Sallah

Sunnar jinkirta cin abinci har a sauko daga Idi ta manya ce. Yaro a ba shi kununsa ko shayinsa da burodi da zarar ya tashi, kafin wanka, kafin kwalliya. Sababbin kayan su ne na ƙarshe, ana saura minti kaɗan a fita, in ba haka ba koko ne zai fara yi musu barka da Sallah.

A je da shi Idi ko a bar shi? Ra'ayina, wanda bai kai shekara uku ba a bar shi a gida, sai fa in akwai wanda ba zai shiga sahu ba, zai riƙe shi daga farko har ƙarshe. Raka'a biyu ba su da tsawo, amma sun ishi yaro ya bi sahu ya ɓace, ga shi maza duk fararen kaya da huluna iri ɗaya. Wurin fita daga filin ya fi wurin shiga matsi. In uwa ce za ta je da shi, a bayanta ya fi, ta yi sallarta da goyonta, ta tsaya a gefen sahu. Tun daren jajibiri kuma a saurari rediyo, domin an sha hana Keke fita a Jos da Bukuru ranar Sallah saboda tsaro. Kada ki shirya yaro tsaf ki fito titi ki tarar babu abin hawa.

Daga yanka zuwa fiɗa

Daga lokacin da liman ya yanka nasa aka dawo gida, zuwa la'asar, nan ne awannin da suka fi hatsari a makon gaba ɗaya. Wuƙaƙe a ƙasa, jini a tsakar gida, ruwan zafi, ƙofa a buɗe mahauta da almajirai suna shige da fice. A nan ake naɗa mai riƙo, kuma da baki ake naɗawa, ba da zato ba:

“Goggo, ga shi nan a hannunki har a kira azahar. Ya ci, ya sha, ga kofinsa. In za ki tashi alwala ki kira ni, kada ki bar wa yaran nan.”

“To, kawo min maigidan nawa. Je ki yi aikinki.”

In lokacin Goggo ya cika, ita ma ta miƙa shi da baki, wadda ta karɓa ta amsa. Wanda yaro ke hannunsa ba ya yankan albasa, ba ya latsa waya, ba a aikensa shago. Yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas tana iya yi masa wasa, amma ba ita ce mai riƙo ba, don da ta ji ƙawayenta a zaure ta tafi. Uba ma yana cikin jerin. Da an gama fiɗa an rataye nama, awa guda ko biyu da zai zauna da ɗansa a ɗaki ita ce za ta ba uwa damar wanke kayan ciki hankali kwance.

Lokacin yankan kansa a shigar da yaron ɗaki. Bai kai fahimtar labarin Annabi Ibrahim da ɗansa ba, abin da zai gani kawai abokinsa na kwana uku a kwance ana danne shi. Wasu yaran ko a jikinsu, wasu kuwa sai sun yi mako suna firgita cikin barci. In ya fito yana neman rago, a gaya masa gaskiya a taƙaice: an yi layya da shi, ga namansa za a ba mutane mu ma mu ci. Ba sai an ce ya gudu ba. Kada a sake shi tsakar gida sai an wanke jini da abin da aka zazzage daga tumbi, an kirga wuƙaƙen an ga sun cika. Duk wanda ya taɓa ɗanyen nama ya wanke hannu da sabulu kafin ya ɗauke shi ko ya ba shi abu a baki.

Ranar suya

Washegari ake hura wutar da ba ta mutuwa sai dare: babbakar kai da ƙafa a gefe, babban kasko na tafasa da kitse a gefe. Murhun a kafa shi a lungu, a tare hanyarsa da benci ko turmi a kwance, yadda ko ya kufce wa mai riƙo sai ya ci karo da wani abu kafin wuta. Kada ki yi suya da goyo. Man yana tartsatsi, kuma in kin sunkuya juya nama, ƙafarsa tana lilo a saitin kaskon. Mafi yawan ƙunar ma ba a kan wuta take faruwa ba: kaskon da aka sauke aka ajiye a ƙasa ya huce, tokar da aka kwashe aka zuba a gefe tana kama da ta mutu, filas ɗin shayi a kan tabarma. Ki ware waje ɗaya mai tsawo inda duk abin da aka sauke zai zauna.

In tsautsayi ya gitta ya ƙone, ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Minti 20 da yaro yana tsala ihu ba ƙaramin lokaci ba ne, ki duba agogo ki daure. A cire rigar in ba ta manne ba, a lulluɓe sauran jikinsa kada sanyi ya kama shi. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ban da ƙwai, manja, gishiri ko toka, ko wace ce ta kawo shawarar. Kada a fasa ƙurjin da ya taso. A rufe da ƙyalle mai tsabta marar gashi. In ƙunar ta fi tafin hannunsa faɗi, ko tana fuska, hannu, gaɓa ko al'aura, asibiti kai tsaye. In kuwa kalanzir ya sha, kada a sa shi amai kuma kada a ɗura masa manja ko madara. Aman ne ke tura shi cikin huhu. A cire kayan da ya jiƙe a tafi asibiti da gorar a hannu. Tun kafin Sallah ku yanke wane asibiti ne ya fi kusa da ku wanda ke aiki dare da rana, da motar wa za a ɗauka. Manyan na gwamnati, asibitin koyarwa na JUTH da ke Lamingo da Plateau Specialist, suna karɓar gaggawa ko ranar hutu ce.

Naman da zai ci

Soyayyen naman Sallah ana soya shi ne ya bushe ƙarau don ya yi watanni, shi kuwa haƙoransa na tauna ba su gama fitowa ba. Zai yi ta juya tsoka a baki, in ya gaji ya haɗiye ta yadda take. Nasa a ɗebo tun a wajen tafasa, kafin a zuba a mai, a yayyage shi siri-siri, ko a daka masa ɗan dambu. Hanta da ta dahu sosai tana da laushi, ɗan yanki ya isa. Romo marar yaji a kan dankali ko shinkafa ya fi masa tsoka biyar. Kuma kada nama ya kori abincin da ya saba: gwatensa, tuwonsa, kunun acca, ayaba, a lokutan da ya saba.

A zaune zai ci, a gaban babba. Ban da ci yana gudu, ban da ci a cikin mota. Gyaɗa, aya, alawa mai tauri, cincin, dabino da ƙwallonsa, guringuntsi, duk a ɗauke su daga faranti in an ajiye wa baƙi a ƙasa. In abu ya sarƙe shi yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin, kada a zura yatsa ana lalube. In ya kasa tari, ya kasa kuka, fuska ta fara canjawa, ki kifa shi a cinyarki kansa ya yi ƙasa, ki buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. In bai fito ba, ki tsaya a bayansa, ki dunƙule hannu a saman cibiya, ki danna ciki da sama har sau 5. A yi ta maimaitawa, wani kuma yana tayar da mota.

Yawon Sallah

Ku fita ya ci ya ƙoshi, ya yi barcinsa ko kuma saura awanni kafin lokacin. A mota bayan mota ne wurinsa, ba cinyar direba ba, ba gaba ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce yaran da ba su kai shekara 12 ba su zauna a baya. In akwai kujerar yara a ɗaure shi a ciki, a kulle ƙofofin. A Keke ki sa shi a tsakiya ko a cinyarki da hannu biyu, jakar a ƙasa, ba shi a bakin ƙofa ba.

Da kun shiga gida za a yi caa a kansa, kowa na miƙo hannu, shi kuma ya ƙanƙame ki. Ƙiwa a wannan shekarun ba rashin tarbiyya ba ce, kada ki ɓamɓare shi da ƙarfi don kunya. Ki zauna da shi a cinya ki yi gaisuwarki, bayan ɗan lokaci da kansa zai sauka ya nufi kakarsa. Abin da ya fi wuya shi ne hannun masu ba shi abinci, musamman a gidan surukai, inda ba a cewa a'a kai tsaye. Hajiya ta ɗauko ƙatuwar tsoka mai yaji ta ce, “Zo nan angona, karɓi, uwarka rowa take maka.” Ba sai kin yi musu ba. Ki miƙa hannu biyu ki ce, “An gode Hajiya, Allah ya ƙara girma. Kawo in yayyaga masa, jiya ya so ya sarƙe.” Ta ba da, ya ci ɗan abin da ya dace, ba wanda ya ji kunya. Lemon kwalba da zoɓo da kunun aya na gida-gida kuwa, kofinsa da ruwansa da kika zo da su su ne amsa. In abin ya fi ƙarfin bakinki, maigida ya yi maganar, gidansu ne.

Kowane gida da kuka shiga, ki ɗan waiga: ina murhunsu, ina rijiyarsu, ƙofar waje a buɗe take? Gidan da babu ƙaramin yaro ba a shirya shi don yaro ba. A nan ma a san mai riƙo. Goron Sallah da za a damƙa masa ki karɓe da wuri ki adana, kuɗi daga hannu zuwa hannu yake yawo, shi kuma baki zai kai.

Alamar tashi ba ta ɓuya: murza ido, jan kunne, faɗuwa ba dalili, dukan 'yan uwa. Da kin gani ki fara sallama, ko da an ce ga abinci nan ana zubawa. “Goggo, a yi mana haƙuri, barci ne ya taso masa, in ya fara ba mai jin daɗin zaman. Za mu dawo bayan Sallah mu wuni.” Ki cika alkawarin kuma. In zaman dole ne, ki nemi ɗaki ki goya shi ya yi barcin a can. A yi ƙoƙari magariba ta same ku a gida.

Kai shi ganin dabbobi

Rana ta biyu da ta uku duk yaran Jos suna gidan zu da Wildlife Park da wurin wasan Solomon Lar. Ga ɗan shekara biyu cunkoson ya fi dabbobin yawa. Ki bari sai rana ta huɗu ko ta biyar, ku je da safe kafin hadari ya haɗo, awa ɗaya da rabi ya ishe shi. Wildlife Park, da aka kafa a 1972, fili ne mai faɗi da tafiya tsakanin keji da keji, sai da zanen goyo. Gidan zu na cikin gari ya fi ƙanƙanta, yana dab da gidan tarihi da aka buɗe a 1952, kuma a harabar akwai gine-ginen ƙasa da aka kwaikwayi ganuwar Kano da masallacin Zariya, inda yaro zai ɗan taka ba tare da matsi ba. A riƙe hannunsa a gaban keji, musamman na birai, kada a ɗora shi kan shinge don hoto. Kafin ku fita ki ɗauke shi hoto da kayan da ke jikinsa, ki rubuta lambar wayarki a takarda ki sa a aljihunsa. Assop Falls da tsaunukan Shere a bar wa manyan yara. Duwatsu masu santsi ne a damina.

In ciki ya ɓaci ko jiki ya yi zafi

Duk da wannan kaffa-kaffa, gudawa ita ce baƙuwar da ta fi zuwa a makon nan. Dafaffen abincin da ya wuce awa 2 a ajiye ba firji, kada a ba shi sai an sake tafasa shi sosai, kuma in wuta ta yi kwana ba ta zo ba, abin da ke cikin firjin ma abin tuhuma ne. In ta fara, ki juye ƙunshin ORS ɗaya cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya wata biyu masu rabin lita. Bayan kowace gudawa, wanda bai kai shekara 2 ba a ba shi mililita 50 zuwa 100, wanda ya kai ko ya wuce 100 zuwa 200, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kai awa 24 a zubar a haɗa sabo. Zinc miligiram 20 sau ɗaya a rana har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. A ci gaba da abinci, da nono in ba a yaye shi ba. Kada a saya masa maganin tsayar da gudawa na manya.

Asibiti ba jira in akwai jini a bayan gida, ko yana amayar da komai, ko ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, ko fitsari ya ɗauke. Zazzaɓi da ya kai digiri 38 a damina a je a yi gwajin maleriya kafin a ba da maganinta. Sanyin Jos bai hana sauro ba, gidan sauro ya bi shi ko a gidan kaka zai kwana. In ya yi taune-taune, wato jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, kada a tura cokali a bakinsa, kada a ɗura masa komai, a tafi.

Kwana biyun ƙarshe

Ki bar su babu fita, babu gayyata. Yaron da aka yi mako ana ɗauka, ana ba shi zaƙi, ana barinsa har goma na dare, zai nemi a ci gaba, kuma zai yi kuka a kai. Ki mayar da lokacin kwanciya baya da kamar rabin awa kowane dare har ya koma inda yake, wanka da abincin dare da addu'ar barci su dawo jerin da ya sani. Alawar da aka tara masa a jaka ki raba wa yaran maƙwabta tun bai gano maɓoyarta ba. In akwai gidan da ba a samu zuwa ba, maigida ya kira ya ba da haƙuri, a sa rana a mako mai zuwa. In kuma Litinin za ki koma aiki ki bar shi wurin mai raino ko makarantar rainon yara, ki gaya musu abin da ya ci a makon, ko cikinsa ya ɓaci, da kwana nawa suka rage masa na zinc.